Buhu Na Bakwai

Duk Jibiya babu wanda ya kai Ɗantala maƙeri sanin nauyin abu. Ka miƙa masa guntun ƙarfe, ya jinjina shi sau biyu a hannu, zai gaya maka ko fartanya uku zai yi ko biyu da lauje. A yaƙin duniya na biyu, can ƙasar Bama, ya ƙaro ilimi, shekara uku yana rarrafe ƙarƙashin motocin soja. Ya dawo gida da akwatin sifanu da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Shekara takwas da dawowarsa, direbobin gyaɗa masu bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ba su san ƙofar kowa ba sai tasa.

Shi ne ɗan farin Inna Hassana, kuma kun san halinmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta roƙonsa komai. Shekara arba'in da ɗoriya Ɗantala bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. In tana da magana da shi, ko yana durƙushe a gabanta, sai ta juya wajen matarsa ta ce, "Hajo, ki ce ma mutumin nan kaza." Hajo ta maimaita masa abin da ya riga ya ji, shi kuma ya amsa wa Hajo.

Farkon rani Manu mai raƙuma, wanda ke kawo kanwa daga arewa duk shekara, ya yi sallama a gidan da labari. Usaina, 'yar tagwayen Inna, tana nan da rai a Rijiyar Aduwa, can bayan Dakwaro cikin ƙasar Faransa. Amma ciwo ya ci jikinta. Ta ce a gaya wa Hassana tana son ganin idonta kafin a kira ta.

Shekara talatin da ɗaya rabon su da juna. Kuma a kan me? A kan ƙwarya! Ƙwaryar nonon uwarsu, mai zane a baki, wadda Hassana ta ɗauke ran rabon gado. Magana ta yi zafi har Usaina ta ce ko gawarta kada Hassana ta je, Hassana ta ce ta ji ta gani. Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakin Inna, ba ta taɓa zuba ko ruwa a ciki ba.

To, zuwa fa? Tun da Inna ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ko zama ba ta iya yi da tsawo. An gwada ɗora ta a raƙumin Manu, yana miƙewa ta sume. Motocin gyaɗa kuwa Maraɗi ce iyakarsu, daga nan sai rairayi zalla, wanda ke haɗiye taya har gindi. Kwana uku Inna ba ta ci abin kirki ba. Ran na huɗu, Ɗantala na durƙushe ya zo gaisuwa, ta dubi bango.

"Hajo, tambayi mutumin nan. Duk ƙarfen nan da yake bugu, babu wanda ke bin rairayi?"

Iyakar abin da ta taɓa nema a wurinsa ke nan tun da ta haife shi. Bai jira Hajo ta maimaita ba, ya tashi ya fita, don kada a ga idonsa.

A Katsina ya samo gawar wata motar soja, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Bodinta ya ruɓe, kaji na ƙwai a mazaunin direba, amma inji da giya suna nan. Ya sa aka jawo ta har ƙofar maƙerarsa. Ya kwance ta noti bayan noti, ya yanke ƙashin bayanta ya rage mata tsawo, ya ƙara mata sifirin don ta tashi daga ƙasa, ya nemo tayoyi masu faɗi irin na manyan motoci. Lagireton da ke yoyo ya zauna ya liƙe shi da dalma, huda bayan huda.

Mutane suka zaci zai yi mata bodin katakon maɗaci, irin na motocin gyaɗa. Ya ce a'a. Rairayi ba ƙarfi yake so ba, sauƙi yake so. Ku dubi tafin raƙumi. Da tukurwa ya ɗaure bodin, ya rufe da tamfol, ya kafa gadon Inna a tsakiyar mota inda girgiza ba ta da yawa, ya rataye shi da igiyar fata. Duk ƙarfen da ba ya aikin komai ya cire shi, har ƙofofi. Kawunsa Arzika, mai bakin tsiya, yakan tsaya ya kama ƙugu ya ce, "Ɗantala, wagga mota ce ko akurki?" Ɗantala ya juya masa kunnen da ba ya ji.

Wata huɗu ya yi a kanta. Da ta tashi, sai ya kai ta gulbi.

Gulbin yana dab da iyaka, daga wannan gaɓa kana hango rumfar duwan, wato 'yan kwastan na Faransa, a waccan. Da rani babu ko ɗigon ruwa, sai rairayi mai laushi, faɗin taki ɗari uku. Ɗantala ya ce duk motar da ta ƙetare wannan, ta ƙetare na Dakwaro. Ya sassauta iskar tayoyi, ya ɗora buhun gyaɗa ɗaya, ta wuce kamar wasa. Ya ƙara, ya ƙara. Da buhu shida ta wuce tana nishi. Da ya ɗora na bakwai, a tsakiyar gulbi ta zauna, sai da ya ɗaga ta da jak ya shimfiɗa mata katakai ƙarƙashin taya kafin ta fita. Sau uku ya gwada, sau uku amsar ɗaya ce.

Sai ya zauna ya raba shidan. Shi buhu ɗaya, da akwatin sifanu. Inna da gadonta da guzuri, ɗaya. Hajo, wadda za ta kula da Inna, da jak da katakai huɗu, ɗaya. Duron fetur, nauyin buhu biyu. Salkunan ruwa ɗaya. Shida cif, ko kaza ba ta da wuri. Tafiyar kwana uku ce in Allah ya yarda.

Kaico, ana gab da tafiya ya yi abin da ya ja masa. Wata motar gyaɗa ta kafe a bayan gari, ya je da tasa ya jawo ta a gaban jama'a. Kafin la'asar labari ya kai garuruwan Kusa da Gangara cewa motar Ɗantala ta fi giwa. Shi ma ya ji daɗin yabon, ɗan Adam ne.

Manu ya sake zuwa, zuwansa na ƙarshe kafin damina, ya ce ya baro Usaina da rai amma ba ta tashi. Hadari kuma ya fara taruwa ta kudu da yamma. In ruwa ya zo gulbi, babu ƙetarewa sai kaka. Aka sa ranar Lahadi da hantsi.

Tun da sassafe ƙofar gida ta cika da masu ban kwana. Kuma wa ke zuwa ban kwana hannu rabbana, alhali yana da ɗan'uwa a ƙetaren iyaka? A Jibiya kowa yana da shi. Kawu Arzika ne ya fara, da damin gero a kai.

"Ka aje ma ƙanena a Maraɗi. Kan hanyarka ne."

"Kawu, motar..."

"Akurkin naka? Ai mun ga aikinta. Dami guda mi za shi yi mata?"

Ɗantala ya karɓa. Me zai ce? Mutumin da ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa? Bayansa liman ya aiko da tulun zuma. Wata tsohuwa ta kawo ƙullin daddawa da tabarma biyu. Maƙwabci ya kawo buhun barkono, ya ce ai barkono ba shi da nauyi. Wani ya kawo turmi, sabo fil, na ɗiyarsa. Kowa ya miƙa sai ya ce, "Amana ce, Allah shi kiyaye hanya." Kowane kaya Ɗantala ya jinjina shi a hannu, hannun nan da ba ya ƙarya. An ce Katsina ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Mutumin nan ya kwanta ƙarƙashin mota ana ruwan harsashi a Bama, amma ya kasa duban tsohuwa ya ce mata ta koma da daddawarta.

Ya leƙa cikin tamfol ya rage murya. "Hajo, ki gaya ma Inna kayan sun yi yawa. In ta yi magana za su ji."

Inna na kwance a gadonta, ƙwaryar nan a kan ƙirjinta cikin tsumma. Ta rufe ido.

"Hajo, ce mashi ba a ƙin saƙo. Mu ma saƙo ne ya same mu."

Sai ya yi dabarar da ya ga ita ce kaɗai ta rage. Tunda ba zai iya rage na mutane ba, bari ya rage nasa. Ya zagaya bayan mota ya sauke salka ɗaya. Ya sauke rabin sifanunsa. Da turmi ya shiga, ya zare katakan nan huɗu ya jingina su a bangon maƙera, yana ce wa kansa ai akwai tabarmin tsohuwa. Ya lissafa, ya ga shida da 'yan kai. Ya ce a ransa in ya shiga gulbi da gudu, wataƙila.

Yana shirin murɗa ƙarfen tayar da inji sai jama'a suka dare. Iya Salmatu ce, uwar Hajo, surukarsa, da ƙarti biyu a bayanta suna rungume da dutsen niƙa da ɗansa. Na ƙanwar Hajo ne da ke aure a Tibiri, ta aiko cewa duwatsun can ba sa cin gero.

Ɗantala ya zube ƙasa, ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai. Suruka ce, ko gaisuwa ba ya iya haɗawa da ita sai a gajarce. Hajo ce ta yi ƙarfin hali.

"Iya, wallahi motar ta cika."

"Ke rufa mani baki. Motar da ta ja motar gyaɗa, dutse guda ne za shi gagare ta? Ko mijin naki ne ya ce?"

Duk ido ya koma kansa. Kalma ɗaya ce, jama'a, kalma ɗaya! Ya san nauyin dutsen tun daga yadda ƙartin ke tafiya. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A'a, Iya. A sa." Babu wurin da dutsen zai zauna sai inda jak yake. Aka fidda jak aka sa dutse.

Suka isa gulbi rana ta take. Samansu tas, amma can kudu, wajen Bugaje, gari ya yi baƙi tun asuba. Ɗantala ya sassauta tayoyi, ya yi bisimilla, ya ja baya ya shigo da gudu. Taki hamsin, taki ɗari, mota na nishi tana ci gaba. Har wani ɗan duwan ya fito daga rumfa yana ɗaga musu hannu. Sai kukan inji ya canza. Ɗantala ya san kukan nan, sau uku ya taɓa jin sa. Ya sauya giya, ya taka, tayoyi huɗu suka juya wuri ɗaya suna tona wa kansu rami. Mota ta zauna.

Ya diro ya kama damin gero zai jefar a rairayi.

"Hajo," in ji Inna, "ce mashi kayan mutane ne. A kai su tudu."

Ya dafa rairayin ya ji sanyi. Ƙasan ya fara jiƙa, abin da bai taɓa gani ba duk gwajin da ya yi. Amma amana amana ce. Shi da Hajo da 'yan rakiya biyar da suka biyo su a ƙafa suka shiga jido zuwa gaɓar gida, wadda ta fi kusa. Tulun zuma a hankali kada ya fashe. Turmi. Barkono. Dutsen niƙa sai da mutum uku. Kafin su gama, inuwa ta karkata.

Yanzu mota ta yi sauƙi, amma cikinta na kan rairayi. Abin da take so a ɗaga ta a sa mata katako, jak kuwa da katakai suna can jingine a maƙera. Ya aiki mutum ɗaya da gudu ya ɗauko. Ya tura tabarmi ƙarƙashin taya, taya ta tauna ta tofar. Ya kwanta ya shiga tono da hannu, duk ramin da ya tona sai ruwa ya tsattsafo ya cika shi, gefe ya rufta. 'Yan duwan biyu suka tuɓe takalma suka zo, aka haɗu ana turi ana salati. Ko motsi ba ta yi ba.

Hajo ce ta fara ji, don shi ta kunnen da ya mutu abin ya zo. Wani irin gurnani daga kudu. Masu turi suka saki mota suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ɗantala ya ɗaga kai ya hango ruwa a kwanar gulbi, jajawur, yana turo karare da kumfa a gabansa.

Ya shiga cikin tamfol. Tun yana yaro rabon da jikinsa ya taɓa na uwarsa. Ya durƙusa ya juya mata baya, Hajo ta ɗora ta, ya miƙe. Wayyo, ashe ko rabin buhu ba ta kai ba. Da hannu ɗaya ta riƙe wuyansa, ɗayan yana riƙe da ƙwarya. Ruwa ya same su a idon sawu, ya kai gwiwa, suka hau gaɓa yana cinya.

Daga nan sai kallo. Ruwa ya rufe tayoyi, ya shiga inji, ya ɗaga tamfol. Tukurwar da ya ɗaure da hannunsa ta ɓalle ɗaya bayan ɗaya, gadon Inna ya fito yana juyi ya bi ruwa ya shige ƙasar Faransa shi kaɗai. Motar ta karkata ta kwanta, rairayi ya shiga binne ta. A lokacin ne ɗan aike ya iso yana haki, da jak a kafaɗa da katakai biyu a kai. Ɗantala ya dube shi, ya dubi kayan mutane a jere a kan tudu, ko ƙwayar barkono ba ta jiƙe ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ba namiji ba, babu wanda ya hana shi.

Kafin magariba kowa ya zo ya ɗauki kayansa, ana ta Allah shi mayar da alheri. Iya Salmatu ta ce Allah ya rufa asiri da dutsen bai tafi ba.

Washegari Inna ta sa aka kira Manu. Ya ce ba zai tashi ba sai ya sayar da sauran kanwarsa, ya jira ruwa ya ɗan ja, kuma zai tsaya kasuwanni biyu a hanya. Ta miƙa masa ƙwaryar.

"Ka kai mata. Ka ce tata ce, dama tata ce. Ka ce na taso, Allah bai nufa ba. Ta yahe mani."

Manu ya karɓa da hannu biyu.

Damina ta yi kyau a shekarar. Ɗantala ya koma ƙera fartanya, bai ƙara taɓa inji ba. In ruwa ya ja yakan je bakin gulbi ya tsaya, babu abin da ake gani sai kan sitiyari, tsuntsaye na sauka a kai.

Bayan an yanke gero Manu ya dawo. Ya yi sallama, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ya kwance tsumman nan ya ajiye ƙwarya a gabanta. Saƙon da bai sami mai shi ba, wurin wanda ya aika yake komawa. Ya ce kwana ashirin ya yi kafin ya isa, ya tarar an yi kwana tara da rufe Usaina. Matan gidan sun ce kullum da hantsi sai ta sa an fitar da ita ƙofar bukka, fuskarta na kallon kudu, don ta ji labarin ana haɗa mota.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana shafa zanen bakin ƙwaryar. Hajo ta matso kusa, tana jiran a ba ta maganar da za ta miƙa. Amma Inna ta ɗago kai ta dubi ɗanta, ido cikin ido.

"Ɗantala."

Shekara arba'in yana jiran ya ji sunan nan a bakin nan. Da ya san ranar da zai ji shi ke nan, da ya roƙi Allah ya bar shi bai ji ba.

"Na'am, Inna."

"Kwana nawa ka ce motarka za ta yi?"

"Uku, Inna."

Ta shimfiɗa yatsunta a kan cinya tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ashirin, a cire tara. Sha ɗaya, a cire uku. Ta tsaya ta dubi yatsun da suka rage.

"Ashe da mun kwana takwas tare," in ji ta.